Matambayi Ba Ya Ɓata: Hoton Tsofaffin Gidajen Jidda da Sawakin

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan tsofaffin gidaje kamar an haɗa baki, don haka na ware biyar daga ciki. Masu tambaya a kan hoton biki da na fasfo su ƙara haƙuri, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Malam mai hoto, ina shirin zuwa Umra, kuma an ce za mu yi wuni guda a Jidda kafin jirginmu ya tashi. Abokan tafiya duk kasuwa za su. Ni kuwa ina ganin hotunan wasu dogayen gidaje masu tagogin katako, ina so in gani da idona in ɗauka. Ina ne wurin? Wayata za ta isa, ko sai na sayi kyamara?
Wani alhaji, Kano

AMSA: Alhaji, Allah Ya karɓi ibada. Wayarka ta isa, kuɗin kyamarar ka ƙara a tsaraba. Wurin da kake nufi shi ne Balad, tsohon garin Jidda, kuma ba sai ka yi nisa da abokan tafiyarka ba, domin kasuwannin da mutanenmu ke tururuwa a cikinsu, wajen Bab Sharif da Bab Makka, a bakinsa suke. Shekara da shekaru alhazanmu na ratsa gindin gidajen nan da ledojin jallabiya da dabino, ido yana kan ciniki, ba mai ɗaga kai.

Kafin ka ɗaga waya, ga abin da ya kamata ka riƙe, don shi zai gaya maka inda za ka duba. Halifa Usman ɗan Affan, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya mayar da Jidda mashigar Makka ta ruwa a shekara ta 26 bayan hijira, maimakon Shu'aiba. A farkon ƙarni na 16 Husaini al-Kurdi, kwamandan sarkin Masar, ya kewaye garin da ganuwa saboda jiragen yaƙin Fotugal da suka shigo Bahar Maliya, kuma ganuwar ba ta faɗi ba sai a 1947 da aka rushe ta. Ita ce ta sa gidajen suka yi tsawo. Fili a ciki kaɗan ne, attajiri ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama. Yawancin manyan benayen da za ka gani an yi su ne bayan buɗe mashigin Suwez a 1869, lokacin da jiragen tururi suka cika tashar, kuɗi ya shigo hannun 'yan kasuwa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya.

Ka shiga ta Suq al-Alawi. Duk wanda ka tambaya Baitu Nasif zai nuna maka. An gina shi tsakanin 1872 da 1881 domin Umar Nasif Efendi, kuma a cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya shiga Jidda a ƙarshen 1925. A ƙofarsa akwai wata tsohuwar darbejiya, irin tamu ta gida sak. Ana cewa akwai zamanin da ita kaɗai ce bishiya a garin, har mai aiko wasiƙa yakan rubuta "gida mai bishiya" kawai, ta iso. Masu hoto da yawa suna jin haushinta wai tana tare musu gaban gidan. Ni ban taɓa ɗaukar gidan nan na cire ta ba, kuma ina ba ka shawara ka bar reshenta ya shigo ta saman hoton. In ka dace gidan yana buɗe, ka lura da matakalarsa, faɗi gare ta kuma ba ta da tsauri. Labarin da ake bayarwa shi ne raƙumi na hawa da kaya har sama. A kan wannan layin kuma akwai gidan Nur Wali mai korayen tagogi da gidan Matbuli wanda aka mayar gidan tarihi. Daga nan ka yi arewa zuwa Haratul Mazlum ka ga Masallacin Shafi'i, sannan Haratush Sham, inda gidan Sharbatli yake.

Lokaci shi ne rabin aikin. In da hali ka isa da hantsi, kafin ƙarfe tara. A lokacin kantuna ba su gama buɗewa ba, daga kyanwoyi sai masu shara sai layin masu sayen burodin tamis da dafaffen waken ful, rana kuma tana shigowa lungu a kaikaice. In safiya ta kuɓuce maka, ka jira bayan La'asar. Tsakar rana ka samu inuwa ka sha shayi, ba abin da za ka ɗauka ya yi kyau. Sai kuma wani abu da ke ba baƙi haushi: kana fitowa daga mota mai sanyi, gilashin kyamarar wayarka zai yi raɓa saboda laimar teku, hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazo. Kada ka yi ta dirza shi da bakin riga. Ka ba shi 'yan mintoci ya ɗauki zafin waje, sannan ka share a hankali.

TAMBAYA: Baba mai hoto, mun je Balad da ƙawayena. Da na dawo gida na duba, duk gidajen sun fito kamar za su kife ta baya, ƙasansu da faɗi, samansu a tsuke. Bango ya yi fari fat ba a ganin komai a jikinsa, tagogin kuma baƙi ƙirin. Laifin wayar ne?
Wata ɗaliba, Jidda

AMSA: 'Yata, wayar ba ta yi miki komai ba. Kin tsaya a gindin gida ne kin karkata ta sama don ki samo ƙololuwarsa, kuma da zarar an karkata kyamara sama, duk layin da yake tsaye sai ya nufi ɗan'uwansa su haɗu a can bisa. In kuwa kin danna 0.5 ɗin nan da kuke so don kowa ya shiga hoto, to kin ƙara wa abin gishiri, domin shi yana ja da duk abin da ke gefe. Ki ja da baya iya yadda lungu ya bari, ki riƙe waya tsaye kyam daidai ƙirjinki, ki kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamara, ki daidaita ɗaya daga cikinsu da kusurwar bango. In wayarki na da 2 ko 3 masu jawo abu kusa, ki yi amfani da su. Ƙasa za ta yi yawa a hoton, ba komai, ki yanke daga baya.

Sau da yawa lungun ba zai ba ki wurin ja da baya ba, don da gangan aka tsuke shi, gida ya yi wa gida inuwa. To kada ki yi kokawa da shi. Ki nemi ɗan filin da lunguna ke haɗuwa, ko ki hau saman wani gidan shayi da ke fuskantar wanda kike so, ki samu kanki daidai tsakiyar tsawonsa. Ko kuma ki haƙura da gidan gaba ɗaya ki ɗauki taga ɗaya. In kuma sama za ki kalla, ki kalla gaba ɗaya: ki tsaya tsakiyar lungu ki miƙa waya sama sosai, tagogin dama da hagu su kusa taɓa juna, sararin samaniya ya rage ɗan siriri. Rabi da rabin ne ke ɓata hoto.

Batun fari da baƙi kuwa, farar ƙasar da ke jikin bango tana mayar da hasken rana, katako yana shanye shi. Idonki na iya ɗaukar duka biyun a lokaci guda, na waya ba ya iyawa. Ki taɓa bangon a fuskar waya, alamar rana za ta fito, ki ja ta ƙasa har sai kin fara ganin tabo da tsagar jikin shafen. Abin da ya yi duhu ana iya haskaka shi daga baya, wanda ya ƙone fari kuwa ya tafi ke nan.

Amma abin da na fi so ki yi shi ne ki san abin da kike ɗauka. Tagar nan sunanta roshan, jam'inta rawashin, kuma ba don ado kaɗai aka yi ta ba. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na katako da ya fito daga bango kimanin kamu ɗaya ko fiye, kuma daga ciki dandamali ne da ake shimfiɗa wa katifa, a zauna a kai ko a kwanta. Katakon ma ba na nan ba ne, jiragen ruwa ke kawo shi daga Indiya da Jawa, irin wanda ke jure laima da gara. Ki dube ta daga ƙasa zuwa sama. Ƙasan a rufe yake da alluna masu sassaƙa, don mai wucewa kada ya ga wanda ke zaune. Tsakiya 'yan marufai ne da ake ɗagawa a sauke. Sama raga ce ta siraran katakai da aka sarƙe, ana ce mata manjur, sai wata 'yar rumfa a kai da ke tare rana. Iskar Jidda daga arewa maso yamma ta fi busowa, shi ya sa masu gida suka fi ƙawata fuskar arewa da ta yamma. A bakin ragar ake jera tulunan ruwa na yumɓu, iska ta ratsa su, ruwa ya yi sanyi. Uwargida tana zaune a ciki tana ganin duk abin da ke gudana a titi, ba mai ganinta.

Saboda haka hoton roshan da ya fi kowane a wurina daga ciki ake ɗaukar sa. Ki shiga ɗaya daga cikin gidajen da aka buɗe wa baƙi, ki zauna inda uwargidan take zama, ki jira rana ta bugo ragar. Za ki ga ta zuba 'yan ƙananan tabbai na haske a kan darduma da bango, ɗaruruwa, kowane da siffar ramin da ya biyo. Ki taɓa wurin hasken, ki bar sauran ɗakin ya yi duhunsa. Kada ki kunna fitilar waya.

TAMBAYA: Ni magini ne, aikin bulo da siminti nake yi. Na ga layukan katako a kwance cikin bangon gidajen Balad, hawa-hawa. Ado ne ko aiki suke yi? Kuma me ya sa aka tokare wasu gidajen da ƙarafa?
Wani magini, Makka

AMSA: Malam magini, ka ga abin da masu manyan kyamarori ke wucewa ba su gani ba. Aiki suke yi, babba kuwa. Dutsen ginin, wanda ake kira mangabi, na murjani ne, daga gaɓar teku ake haƙo shi, musamman wajen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohon gari. Ba shi da nauyi, yana sassaƙuwa da sauƙi, amma duk jikinsa ƙofofi ne kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Abin da ake ɗinke shi da shi laka ce. Kai ka san bango irin wannan ba zai kai hawa biyar shi kaɗai ba. Shi ya sa bayan kowane jeri biyar ko shida, kimanin mita guda, sai a kwantar da katako a tsawon bangon, ana ce musu takalil. Su ke ɗaure ginin su raba nauyi, kusan aikin da azara ke yi a ginin ƙasa na gida. Akwai kuma wata dabara da za ta burge ka: in dutsen ƙasa ya ruɓe, sai a tokare katakon da ke samansa, a zare jerin da ya lalace, a sa sabo, ba tare da an sauke bangon ba. Ka lura kuma bangon yana da kauri a ƙasa, ana rage shi a kowane hawa, sannan a shafe shi da farar ƙasa don ta kare dutsen daga iska mai gishiri. Shafen nan sai ana sabunta shi. In aka bari ya zube, dutsen ya shiga uku.

Abin da ya faru ke nan. Da ganuwa ta faɗi, kuɗin fetur ya zo, masu gidajen suka koma sababbin unguwanni a arewa, aka riƙa ba da hayarsu ɗaki-ɗaki ga 'yan ci-rani, cikinsu har da namu. Mai haya ba zai yi shafe ba, magada kuma sun yi yawa, ba mai cewa nasa ne. Gidajen an gina su ne a zamanin da ruwa ke da tsada a Jidda, ana tara na sama a matattara a ƙarƙashin gida, 'yan ga-ruwa na kawo sauran. Ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima bai iso ba sai 1947. Daga baya aka cusa musu famfo da bututu masu yoyo, aka huda bango aka sa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga dare da rana, ga ruwan ƙasa mai gishiri yana hawowa ta tushe, ga gobarar wayoyin lantarki. Sai kuma siminti, ka yi haƙuri, na san abincinka ne. Duk inda aka yi wa bangon nan faci da siminti, danshi ba ya samun hanyar fita, sai ya ci dutsen daga ciki, waje lafiya lau.

A 2019 aka ware riyal miliyan 50 don ceto gidaje 56 da ke gab da faɗuwa, a 2021 kuma aka ƙaddamar da babban shirin farfaɗo da unguwar baki ɗaya. Ƙarafan da ka gani na riƙe gida ne kafin gyara ya zo kansa. Aikin ya ceci da yawa, ba musu. Sai dai ni, a matsayina na mai hoto, wasu daga cikin waɗanda aka gama sun yi mini sheƙi da yawa. Na fi son in zaga bayan gida, inda shafe ya ɓare. Ka matsa kusa da dutsen, taku ɗaya, rana tana bugun sa ta gefe, za ka ga zanen murjanin kansa, 'yan ramuka jere kamar furanni, wani wurin har da ɓawon kifin teku a maƙale. Amma daga gefen titi. Kada ka shiga ƙarƙashin gidan da aka tokare, ko da ƙofa a buɗe take.

TAMBAYA: Ina ɗaukar wata tsohuwar ƙofa mai sassaƙa, sai wata tsohuwa ta leƙo ta wanke ni tas, da Hausa kuwa. Ni ba ita nake ɗauka ba, ƙofar ce. Ina laifina?
Wani matashi, Jidda

AMSA: Ƙanena, ƙofar ta waye? Har yanzu akwai mutane a wasu gidajen nan, suna girki, suna shanya, suna renon jikoki. Iya ba ta san abin da ke cikin wayarka ba, ta dai ga saurayi ya auno bakin ɗakinta. Gidan da aka yi wa raga a kowace taga don kada a ga na ciki, ai ka san masu shi ba sa son leƙe.

Kuma ba batun kunya kaɗai ba ne. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya, ta 2007, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Mata kada ka kuskura. Dattawan da ke zaune a kan gadajen mirkaz, wato na zaman hira a bakin titi, ka yi musu sallama, ka gaisa, ka nemi izini. Da yawansu har gyara zama za su yi. Hoton kasuwanci da manyan kayan aiki sai da takardar izini, jirgin nan marar matuƙi kuwa kada ka tashe shi sai da yardar hukumar sufurin jiragen sama.

Ni asarar da na ga ka yi ita ce tsohuwa mai jin Hausa a cikin Balad, ka bar ta ta tafi da fushi. Ka koma da ɗan goro ko turare, ka ce "Iya, a gafarce ni." Ita ta san wanda ya mallaki gidan, da shekarar da rufin baya ya rufta. Tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021, wanda ya shafi unguwannin Sabil da Karantina da Gulel da Hindawiyya, mutanenmu nawa ne suka zo shagona suna tambaya ko ina da hoton layinsu? Gidajen can ba na murjani ba ne, ba mai zuwa yawon buɗe ido dominsu, amma a ciki aka haifi da yawanmu, kuma kaɗan ne suka ɗauka. In ka gama da ƙofar attajiran da, ka je ka ɗauki ta gidan da mahaifinka yake ciki yau.

TAMBAYA: Malam, mu nan Sudan muna da Sawakin, amma duk ta zama kufai, tulin duwatsu kawai. Akwai abin ɗauka a kango?
Wani malamin makaranta, Bur Sudan

AMSA: Malam, Allah Ya kawo muku zaman lafiya. Akwai, har ya fi na Jidda gaggawa. Sawakin da Jidda 'yan ɗaki ɗaya ne, dutse ɗaya, roshan ɗaya, teku ce kawai a tsakani. Mu kuma muna da rabo a cikinta, domin kakanninmu da suka taho a ƙasa, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 da kafuwar garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da yawansu daga nan suka hau jiragen ruwa suka tsallako. Abin da ya kashe ta shi ne garinku: Turawan Ingila suka fara gina Bur Sudan a 1905 saboda mashigar Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci, 'yan kasuwa suka bi tashar, aka daina shafe, gidajen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa har yau aka san kamanninsu shi ne wani malamin zane a Khartum, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna su ya zana tun suna tsaye, littafinsa ya fito a 1976. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da ke kan tsibirin da ginin kwastan.

Kango ba a ɗaukar sa daga nesa, sai ya fito tulin duwatsu kamar yadda ka ce. Ka nemi abin da ya rage a tsaye, bakan ƙofa, ko guntun bango mai sauran zanen farar ƙasa, ko matakalar da ba ta kai ko'ina, ka sa shi a gaba, hasumiyar masallaci ko ruwa a bayansa. Ka sa wani abu da zai nuna girma, ko da ɗalibinka ne a tsaye a gefe. Ka je da sassafe, don farin dutsen can ya fi na nan kashe ido. Kada ka hau tulin, kada ka ɗauko guntu ka kai gida.

Da yaƙin da ake ciki tun Afrilun 2023, ka nemi izinin masu tsaron wurin tukuna, kuma kada ka juya kyamara wajen tashar jiragen ruwa ko inda sojoji suke. In an bar ka, ka zaɓi bango biyu ko uku, ka riƙa ɗaukar su daga wuri ɗaya duk lokacin da ka je, ka rubuta kwanan wata da sunan gidan yadda mutanen garin ke kiran sa. In za ka aiko mana, ka turo su a matsayin fayil, kada WhatsApp ya matse su, domin zanen jikin farar ƙasa shi matsewar ke fara cinyewa.